Sanyin Jos ba zai ajiye maka ruwan inabi ba

Duk shekara sai wani ya zo mini da kwalbar ruwan inabin zoɓo da ya haɗa a gida, a leda, fuska a murtuke, wai in ɗanɗana in gaya masa abin da ya faru. Zoɓonsa mai kyau ne, sukari daidai, yis daidai, ya tace har sau biyu. Da na tambaye shi inda ya ajiye, amsar ba ta wuce uku: saman kabad, cikin firji, ko sito mai rufin kwano a bayan gida. To, a nan gizo ke saƙar.

Turawa masu ajiye ruwan inabi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa suna neman zafin wurin ya tsaya a digiri 12 zuwa 15. Mu ba mu da irin ɗakin, kuma ba shi ne damuwata ba. Kwalbar da ta zauna a digiri 20 dare da rana ta fi wadda ke kwana a 13 ta wuni a 30 lafiya. Zafi na kumbura abin da ke ciki ya tura toshiya, sanyi ya zo ya janye shi, iska ta biyo. Yau kaɗan, gobe kaɗan, jan nan mai kyau ya koma kalar ƙasa, ƙamshi ya gudu, wani lokaci ma ka buɗe ka tarar da ruwan tsami. Mu 'yan Jos kuwa tsayin mita 1,200 da muke taƙama da shi ya sa mun saki jiki. Ana cewa garinmu akwai sanyi, amma shiga ɗaki mai kwano babu silin da ƙarfe biyun rana a watan Maris, sannan ka dawo mu yi magana.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne ɗurawa a kwalba cikin hunturu. Na taɓa haɗa lita 20 na zoɓo da abarba a watan Nuwamba. Kafin Kirsimeti kumfa ta tsaya cak, ruwa ya yi garau, na ce shi ke nan ya gama. Na cika kwalba 24, na jera su a ƙarƙashin gado ina jin kaina gwani. Ashe yis ɗin bai gama cin sukari ba, sanyi ne ya kwantar da shi barci. Da zafin Maris ya shigo sai ya farka da yunwa, ga shi kuma babu ta inda iskar za ta fita. Wajen ƙarfe ɗayan dare muka ji tau! Kun san a garin nan ba a wasa da irin wannan ƙara da dare. Maman yara ta riga ta kai ƙofar ɗakin yara kafin ta biyu ta tashi. Da na haska tocila, ga ja yana malala har bakin ƙofa, ga tartsatsin kwalba a cikin takalmana. Bakwai suka fashe a daren. Sauran na lulluɓe su da bargo, na fitar da su tsakar gida ɗaya bayan ɗaya, hannuna na rawa. "Baban yara," in ji ta da safe, "ko kwalaban nan ko ni." Katifar ba ta wanku ba.

Don Allah ku daina yarda da ido. Tsayawar kumfa ba shaida ba ce. Ku sayi haidiromita, ɗan gilashin nan da ake jefawa a ciki ya nuna yawan sukarin da ya rage. Sai ya sauka ƙasa da 1.000, ya kuma tsaya a wuri ɗaya har mako guda a ɗaki mai ɗumi, sannan a yi maganar kwalba. Ni dai tun daga ranar ba na ɗurawa tsakanin Disamba da Fabrairu ko da ma'auni ya ce in yi. Ina barinsa a babban mazubi da mafitar iska a kai, zafin Maris ya gwada shi tukuna. Wasu na cewa na cika tsoro. Ba su share gilashi da tsakar dare ba.

Sai masu firji. Wai kai da ka san halin NEPA, me ya kai ka? A kawo wuta kwalba ta sauka digiri 4, a ɗauke ta hau 25, sau biyu ko uku a rana. Ka sayi na'urar hawa da sauka ke nan da kuɗinka. Ko da wutar ba ta yankewa, sanyin firji ya yi yawa, abin ba ya nuna, busasshiyar iskarsa kuma tana motse toshiya. Firjin da nake so shi ne matacce. Na sayi tsohuwar firiza a wajen mai gyara da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, na wanke ta da soda, na ajiye a ƙasa a ɗakin tsakiya wanda bangonsa ba ya ganin ranar yamma. Rabin cikinta gorunan ruwa ne kawai. Ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya saurin sakinsa, shi ne ke riƙe mini kwalaban. Na jefa ma'aunin zafi mai tuna mafi sama da mafi ƙasa, ina dubawa ranar Asabar. Wanda kwalabansa ba su wuce shida ba, babbar kula ta biki ta ishe shi.

Ana yawan tambayata dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta sa Mohammed Bah Abba ya ci kyautar Rolex a 2000. Tana aiki, amma da bushewar iska take aiki. A ruwan Agusta kusan ba ta yin komai, in kuma ka manta ba ka jiƙa yashin ba kwana biyu, ka koma gidan jiya. Ni a Maris da Afrilu kaɗai nake fito da ita. Mutanen Abuja, ku naku zafin ya wuce a yi musu da shi: ku yi kaɗan, ku shanye cikin wata shida, ku bar mafarkin ajiyar shekara uku.

Sauran ƙanana ne. Kwalba mai duhu, nesa da taga. Mai toshiyar itace a kwantar da ita don toshiyar ta zauna a jiƙe, mai murfin murɗawa ta tsaya abinta. A cika har wuya, gurbin yatsa biyu ya isa. Jarkar da ta taɓa ganin manja ba ta tuba, kada ma ka fara. Kusa da janareto, kananzir ko daddawa, a'a. Kuma ka rubuta ranar ɗurawa a jikin kowace kwalba da alƙalamin maka. Takardar da na manna a kan nawa na farko danshin firiza ya cinye ta, yanzu akwai guda uku a can ƙasa da nake ɗagawa ina kallo, ko na abarba ne ko na sitiroberin Vom, sai ranar da na buɗe.