Yadda Ake Gano Matsalar EGR Idan Wutar Check Engine Ta Ƙi Mutuwa

Abin da yaran gareji suka fi yi shi ne su cire kan batir na ɗan lokaci, wuta ta mutu, a sallami mai mota. Bayan kwana uku sai ga shi ya dawo yana faɗa. Ba abin mamaki ba ne. Kwamfutar mota ba ta gwada EGR, wato tsarin da ke mayar da ɗan hayaƙi cikin inji, sai inji ya yi zafi an hau titi an yi gudu, kuma galibi sai ta ga matsalar a tafiya biyu kafin ta kunna wuta. Cire batir kashe wuta kawai yake yi, cutar tana nan.

Fara da sikana, na'urar da ke karanto lambar matsala daga kwamfutar mota. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da wurin sa ta a ƙasan sitiyari. Ka rubuta lambar kafin ka goge komai. P0401 tana nufin hayaƙin da ke komawa cikin inji bai isa ba, P0402 ya yi yawa, P0403 kuma ka duba waya da soket. Aikin EGR ke nan: ya ɗebo hayaƙi kaɗan ya mayar cikin manifol, wato bututun da ke kai iska cikin inji, don ya rage zafin ƙuna.

Yanzu ga inda ake asarar kuɗi. Mutum ya ga P0401 sai ya tafi Ƙofar Ruwa ko Panteka ya sayo bawul ɗin EGR. Ni ma na taɓa yi a kan wata Honda Baby Boy, sau biyu, kafin na buɗe saman manifol na ga ƙofofin da hayaƙi ke bi sun toshe da baƙar dauɗa, ta daskare kamar gawayi. Bawul ɗin farko lafiyarsa ƙalau, yana buɗewa, hanya ce babu.

Don haka gwada kafin ka sayi komai. Bar inji ya yi zafi yana silo. A Camry fensir mai inji 2.2, da jan iska bawul ɗin yake aiki: zare ɗan tiyon da ke kansa, ka sa famfon hannu ka ja iska. Idan inji ya fara kakkarwa ko ya mutu, bawul da hanya duk suna aiki, sai ka koma kan VSV, ɗan makunnin lantarki da ke buɗe wa bawul ɗin hanyar jan iska, wanda ke ɓoye a bayan inji ƙarƙashin manifol, tare da tiyoyin da suka tsattsage. Idan ka ja iska inji bai ko motsa ba, ko dai bawul ya maƙale ko hanya ta toshe. A motar da bawul ɗinta na lantarki ne, sikana mai kyau za ta buɗe maka shi. Mai arha ba za ta iya ba, ara ta wani.

Wankewa: bari inji ya huce, kwance bawul, fesa maganin wanke kafireta, ka kankare ramukan da waya mai ƙarfi. Ni tsohuwar wayar birkin keke nake sawa. Kada maganin ya shiga ɓangaren lantarki. Sa sabon fakin, wato abin da ake sawa tsakanin bawul da mazauninsa don hana yoyo, kada ka maimaita tsoho, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Ɗaura, goge lambar, ka hau titi ka yi gudu, ka riƙa sakin totur mota tana gangarawa da kanta. Yi haka kwana biyu, sannan ka sake sa sikana ka duba ko lambar na laɓe a jerin masu jiran fitowa.