Yadda ake gano matsalar ƙafar injin jirgin ruwa idan ta maƙale bayan guguwa

Jama'a salamu alaikum. Wannan bayani na masu tsohon jirgin ruwa ne, irin wanda injinsa ke ciki amma ƙafar da ke ɗauke da farfela tana waje a bayan jirgi, kamar su MerCruiser Alpha One da Bravo da Volvo Penta, da tsohuwar OMC Cobra wadda kamfaninta ya durƙushe tun 2000 shi ya sa kayanta ke wuyar samu. Ni a kan Alpha One na koyi abin, bayan guguwar Ian da ta daki yankin Fort Myers a Filorida ranar 28 ga Satumba 2022. Jirgin maƙwabcina ne, ƙirar shekarun 1990, ruwan teku ya ɗaga shi daga kan tirela ya jingina shi da katanga, da muka mayar da shi mazauninsa sai ƙafa ta ce atafau, ba sama ba ƙasa. Mutumin nan har ya ɗauko jak zai tura ta da ƙarfin tsiya, Allah ya sa na iso a kan lokaci.

Kafin komai, kar ka murɗa makulli. Ɗauki hotuna ta kowane gefe saboda 'yan inshora, cire toshiyar ƙasan jirgi ruwa ya tsiyaye, buɗe murfin inji ka sunsuna, in ka ji warin fetur to ba maganar taɓa waya sai wurin ya sha iska sosai, tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi jirgin. In kuma ruwa ya kai saman inji, cire fulogogi tukuna, don in ruwa na cikin silinda ka yi sitata za ka lanƙwasa ƙarfen ciki ne ka ƙara wa kanka aiki.

Mataki na farko, ka san wane irin maƙalewa ne. Ƙin ɗagawa da sauka daban, ƙin juyawa hagu da dama daban, ƙin shiga giya daban, ƙin fita in ka kwance notuna shi ma daban. Tsuguna a bayan jirgi da tocila. Duba sandunan nan guda biyu na haidirolik da ke gefen ƙafa, ko ɗaya ta lanƙwashe. Duba zoben alminiyam ɗin da ƙafa ke lilo a kai ko ya tsage, wani lokacin tsagar siririya ce kamar zare, sai ka goge laka kafin ka gan ta. Leƙa tsakanin ƙafa da jikin jirgi, guguwa na cusa itace, igiya, yashi, mu har guntun allon katanga muka zaro. In zobe ya tsage ko ƙafa ta karkace gefe guda, tsaya nan, wannan na bakanike ne mai kayan aiki.

Na biyu, wuta. Gaskiya yawancin matsalar a nan take, kuma nan ne mafi arha. Auna batir da mita, cikakke yana nuna wajen 12.6, in ya sha ruwan gishiri kar ka ɓata lokaci, aro wani. Sai ka danna makunnin ɗagawa ka kasa kunne. Shiru gaba ɗaya? Nemi fiyus. A famfon haidirolik na MerCruiser, wanda ke ɗaga ƙafa da sauke ta, akwai babba mai am 110 a jikin solonoyid, wato suwic ɗin da ke tura wa motar famfo wuta, da ƙarami mai am 20 a kan waya. In ka ji ƙas ƙas amma motar famfo ba ta juya ba, ko solonoyid ne ko kan wayoyi sun ci. Namu da muka buɗe, kowane noti ya yi wani koren gari kamar an barbaɗa kuka, na sa buroshin ƙarfe na kankare har tagulla ta fito tana sheƙi. Kar ka manta da baƙar waya ta at, wato wadda ke komawa negatib ɗin batir, ita aka fi mantawa kuma ita ta fi ruɓewa.

Wayoyin motar famfo suna da sauƙin tunawa: shuɗiya sama, koriya ƙasa, ka tuna sararin samaniya da ciyawa. Ɗauki guntuwar waya daga fositib ɗin batir ka taɓa ƙaramin kan solonoyid na shuɗiya, in famfo ya tashi ƙafa ta motsa to famfo lafiya lau, laifin yana makunni ko wayar da ta taho daga gaba. Akwai kuma wani ɗan suwic a gefen zoben ƙafa da ke hana ta wuce iyaka lokacin tafiya, wayoyinsa cikin ruwa suke kwana kullum, in sun ruɓe makunnin ɗagawa ba zai yi ba amma madannin tirela, wanda ke ɗaga ƙafa can sama don jan jirgi a kan tirela, zai yi, tunda shi ba ya bi ta wannan suwic ɗin. Gwada shi, minti ɗaya ne.

Na uku, mai. In motar famfo na kuka amma ƙafa ko gezau, buɗe tankin famfo. Man kirki garai-garai yake, namu kuwa ya koma kamar shayi mai madara, alamar ruwa ya shiga ke nan. Zuƙe shi, zuba sabo, man da aka yi don wannan aiki ko, a MerCruiser, man inji 10W-30, sannan ka bi tiyo-tiyon ka ga inda ke zuba. In an cika kuma ana ta sama da ƙasa iska za ta fita da kanta, ka sake canja man sau biyu ko uku har ya daina fari.

To in duk wannan bai yi ba kuma kana son ɗaga ƙafa don ka ja tirela fa? Wasu tsofaffin famfuna suna da bawul na saki da hannu, da yawa ba su da shi. Hanyar da ba ta da rigima ita ce ka sa katako a ƙarƙashin ƙafa ya tallafe ta, ka kwance notunan da suka riƙe ƙarshen sandunan haidirolik ta baya, ka zare su daga fil. Yanzu gwada ɗaga ƙafa da hannu. In ta tashi sumul, sandunan ne suka ƙame ko suka lanƙwashe. In har yanzu ta ƙi, filolin da take lilo a kai ne suka yi tsatsa, fesa musu man sassauta tsatsa ka bar su su kwana, gobe ka riƙa motsa ta kaɗan kaɗan. Ɗaure ta da igiya mai ƙarfi in ka ɗaga, tana da nauyin kusan kilo 40, in ta faɗo kan yatsu ba wasa.

Na sitiyari ba shi da tsawo. Kwance kebur daga hannun juyawa a cikin jirgi, tura ƙafa da hannu daga waje. Ta juya, kebur ne ya ƙame, canja shi kawai don mai ba ya gyara shi. Ba ta juya ba, koma ka sake duba zobe. Giya ma haka, cire makulli, mutum ɗaya ya tura liba a hankali wani yana juya farfela da hannu har ta kama, kar a danna liba da ƙarfi.

Inda muka sha wuya shi ne cire ƙafar, kuma bayan guguwa ni ina ganin dole a cire, don akwai wata roba mai nannaɗi da ke rufe shaf, wato sandar da ke kawo juyin inji zuwa ƙafa, in ta yage ruwa na shiga ya kwanta a kan boris ɗin da shaf ke juyawa a ciki, ba za ka gani daga waje ba. Alpha One sai tana giyar gaba ake cire ta, Bravo kuwa a nitira, kar ka haɗa su. Cire ƙaramin tiyon mitar gudu in akwai, kwance notuna shida, amma bar biyu a bakin zare don kar ta kuɓuce maka. Tamu ta ƙi fita ko da inci ɗaya, shaf ya manne da boris saboda tsatsa. Kar ka cusa sukundireba tsakanin fuskokin biyu, alminiyam ne, ka ƙwarzane shi gasket ba zai ƙara zama ba. Abin da muka yi, muka ɗaura bel mai jan kaya daga ƙafa zuwa gindin bishiya, daidai saitin shaf, muka ja ya yi tauri kaɗan, muna girgiza ta sama da ƙasa, muna buga 'yan siraran katakai a gefe biyu daidai wa daida. Kwana biyu muna wannan, maƙwabcin nan yana ta cewa a kawo guduma ina cewa a'a. Rana ta biyu da la'asar muka ji ƙaras, ta saki, wani jan ruwa mai wari ya zubo mana a ƙafafu.

Daga nan sai sabon boris, sabbin robobi masu nannaɗi, duka ukun da ke wurin, tunda an riga an buɗe, giris a haƙoran shaf, sabon gasket. Ka nemi sandar auna saitin inji ka zura, jirgin da ya bugu da katanga injinsa na iya gocewa, in sandar ba ta shiga da sauƙi ba a gyara saiti kafin a mayar da ƙafa. Kwance toshiyar da ke ƙasan ƙafa ka ga man giya, in ya yi fari a gwada sil-sil ɗin da ke hana ruwa shiga. Ranar da za ka tayar da inji a tudu, ƙafa tana ƙasa, ka haɗa mata tiyon ruwa ka kunna famfon ruwan tukuna, don a Alpha robar jan ruwa a cikin ƙafar take, 'yan daƙiƙu ba ruwa sun isa su ƙone ta.