Tsohon injin pachinko a gida: kurakuran da ke lalata shi da yadda ake gyara su

Pachinko wasan ƙananan ƙwallayen ƙarfe ne na Japan, a inji mai tsaye da gilashi a fuska. Injinsa mai hannun sifirin na shekarun 1960 da 1970 ba da wutar lantarki yake aiki ba. Nauyin ƙwallon ƙarfe ne ke tafiyar da komai a cikinsa. Ka danna hannun da ke gefen dama ka saki, sifirin ya harba ƙwallo sama, ya gangaro yana karo da ɗaruruwan ƙusoshin tagulla. In ya dace ya faɗa aljihun ci, sai ya bi ta baya ya danne wani ɗan sikeli, sikelin ya buɗe ƙofa, ƙwallaye su zubo, galibi 15, ƙararrawa ta kaɗa. Duk abin da ya rage wa ƙwallon nan gudu ko ya karkatar da shi, nan ciwon yake. Kuma ɓarnar da aka fi gani a jikin waɗannan injina, hannun mai gyara ne ya yi ta.

Yawancin waɗanda ke hannun masu tarawa a yau daga gidajen wasan Japan aka cire su bayan sun gama zamaninsu, aka yi lodinsu zuwa Amurka a shekarun 1970 aka sayar wa magidanta. Sunayen da za ka fi cin karo da su: Nishijin, Sankyo, Heiwa, Sanyo, Daiichi, Kyoraku da Maruhon. A Japan wasan haɗe yake da caca, ta hanyar musayar ƙwallaye da kyaututtukan da ake sayarwa a wani shago na daban. Wanda ke gida kuwa ba kuɗi a cikinsa, ƙwallayenka ne ke zagayawa.

Saye da kallon fuska kawai

Mai saye yakan tsaya gaban injin yana kallon zane da furanni, ya biya bai leƙa baya ba. A baya aikin yake. Juya shi ka duba: rumbun ƙwallaye na sama yana nan? Hanyar da ke saukowa daga rumbun ba ta tsage ba? Sikelin yana motsi in ka taɓa shi da yatsa? Ƙararrawa da murafun roba suna nan? Robar da ta haura shekara 45 tana karyewa kamar ƙwaryar da ta sha rana, kuma babu masana'antar da ke buga sabuwa. Kamfanin Nishijin ma ya rufe a 2023. In wani abu ya ɓace, sai dai a ciro daga wani injin irinsa. Shi ya sa ga mai farawa samfurin Nishijin da ake kira Model B ya fi sauƙi: shi ne ya fi yawa, kayansa sun fi samuwa.

Kada kuma a ruɗe ka da cewa "wannan ba irinsa". Nemi sitikar da ke kusurwar fuskar injin. Shekarar da ke jiki da lissafin zamanin Showa take, wato ƙirgen shekarun mulkin sarkin Japan na lokacin, sai ka ƙara 1925 a kai: Showa 50 ita ce 1975, Showa 47 ita ce 1972. Kada ka kankare sitikun nan garin tsafta, su ne shaidar injin.

In babu mabuɗi, ba a fasa kwaɗo. Ta baya akwai sakatar da ake ɗagawa, ƙofar gaba ta buɗe.

Zuba mai

Wannan ne babban kuskure, kuma da kyakkyawar niyya ake yin sa. Mutum ya ga ƙarfe ya cije, hannunsa ya tafi kan WD-40 ko baƙin mai ko giris, kamar yadda zai yi wa sarƙar keke. Ranar farko injin zai yi kamar ya warke. Bayan 'yan makonni man ya kama ƙura ya zama danƙo, kowane ƙwallo ya shafo shi ya kai shi cikin aljihuna, kan ƙusoshi, har cikin sikeli. Ƙwallon da nauyinsa bai kai giram 6 ba, ɗan danƙo kaɗan ya isa ya tsayar da shi a hanya mai gangare kaɗan.

Hanyar ƙwallo a bushe ake son ta, ƙarau. Abin da ya sa ta cije tun farko datti ne, musamman baƙin hayaƙin taba: an sha taba a gidajen pachinko shekara da shekaru, sai a watan Afrilu na 2020 doka ta hana sha a zauren wasa. Wannan ruwan-ƙasan da ke manne a jikin roba, mai kama yatsa, shi ne.

Maganinsa wanki. Kafin ka kwance sukuru ɗaya, ɗauki hoton bayan injin daga kowace kusurwa, kuma ka ci gaba da ɗauka bayan cire kowane sashe. Sanya sukurorin kowane sashe a leda daban ka rubuta sunansa, don tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogon sukuru a ramin gajere yakan huda katako ya ɓullo ta fuska. Kayan roba a jiƙa su a ruwa mai ɗumi da sabulun wanke kwanuka na kamar minti 20, a goge da tsohon buroshin haƙori, lunguna kuma da auduga a tsinke. Ruwan zafi yana lanƙwasa su. Fetur da tina da asiton suna narkar da su ko su dusashe su, kada su ko kusanci teburin aikin. Ƙarfen da ya yi tsatsa a jiƙa shi a ruwan khal na 'yan awoyi, a goge, a ɗauraye, a busar nan take, don in ya kwana da laima tsatsar za ta dawo kafin safiya.

Wuri ɗaya ne ke karɓar mai: sandar da hannun harbi ke juyawa a kai. Ɗigo ɗaya na man keken ɗinki, a share abin da ya malalo.

Ƙwallaye

Faɗin ƙwallon pachinko milimita 11 ne, nauyinsa wajen giram 5.5. Ana samun masu cike gurbi da boris na inci 7/16 saboda a ido ɗaya suke. Ba ɗaya ba ne: wannan milimita 11.11 ne, kuma ɗan bambancin ya isa ya sa shi maƙalewa inda ƙusoshi suka matsu. Wanda ya gaza 11 kuma yakan yi wa sikeli rashin nauyi, ko biyu su cushe wuri ɗaya.

Ƙwallon da ya yi tsatsa har ya yi ƙuraje a zubar da shi. Sanfefa ne mai yawo, yana kankare roba da zanen fuska duk inda ya bi. Masu datti kawai a zuba su a kwalba da sifirit, a girgiza, a juye a kan tawul a murza har su bushe. Tsaftataccen inji da ƙazaman ƙwallaye, aikin baban giwa ne.

A tanadi aƙalla 500, wato kusan kilo 2.75. In ana son wasa ba tare da tashi kowane minti biyar ba, 1,000 ya fi.

"Ya lalace, ba ya harbi"

Sau da yawa lafiyarsa ƙalau. A yawancin injinan zamanin, in rumbun sama ya ƙare akwai ƙarfen da ke tashi ya tare ƙwallo kada ya shiga wurin harbi, don kada mai wasa ya ci a rasa abin biyansa. Mutum ya zuba duk ƙwallayensa a tiren gaba, ya bar rumbu fayau, sannan ya ce inji ya mutu. Cika rumbun tukuna, ka tabbata ƙwallaye sun sauko sun cika hanyar baya har ƙasa. In ƙwallo yana shiga aljihu amma ba a biya, duba sikelin: yakan tsaya a ƙasa bayan an ɗauki injin an jijjiga shi, sai a mayar da shi sama da yatsa. In kuma ƙwallo yana tashi amma ba ya kai wa sama, kafin ka zargi babban sifirin, duba ɗan ƙaramin sifirin da ke bakin gudumar harbi. In ya karkace gefen ƙwallo yake duka, ƙarfin ya tafi a banza.

Fuskar injin

Nan ne ɓarnar da ba ta da gyara take faruwa. Zanen da ke bayan ƙusoshi siririyar takardar roba ce da aka manna a kan katako. Kowace ƙusa ta huda ta, wato akwai ɗaruruwan ƙofofin da ruwa zai bi. Ka fesa mata ruwan wanke gilashi, ruwan ya gangara ta gindin ƙusa ya shiga ƙarƙashi, bayan kwana biyu ka ga tabo ruwan-ƙasa ya bazu kamar taswira. Ba ya fita. Ana goge ta ne da tsumma mai laushi da aka matse sosai, a naɗa shi a tsinke a bi tsakanin ƙusoshi sannu a hankali, a bi da busasshe. Aikin yamma guda ne, kuma ya cancanci yammar.

Ƙusoshin ma ana cutar su ta hanya biyu. Ta farko, goge su da Brasso, ruwan goge tagulla, suna kafe: farin ruwan ya taru a gindinsu ya bushe, ya ɓata zanen. In dole ne, a ɗiga kaɗan a auduga a taɓa kawunan kawai. Ta biyu ta fi muni, ita ce "miƙe" su da filaya. Mai gyara ya ga ƙusa ta ɗan karkata ya ɗauka lanƙwashewa ta yi. Da gangan aka kafa su suna ɗan ɗaga kai sama, kuma a wancan zamanin a Japan akwai gwanayen da sana'arsu ke nan, ana ce musu kugishi, suna bin ƙusoshi da 'yar guduma suna buɗe wannan su tsuke wancan da abin da bai kai kaurin farce ba. Tsarin jeren kansa ya samo asali daga wanda Masamura Takeichi ya fito da shi a Nagoya a ƙarshen shekarun 1940. Ƙusar da za a taɓa ita ce wadda ƙwallo ke maƙalewa a kanta kullum. Riƙe ƙwallo ɗaya ka gwada tazarar, ka matsa ƙusar kaɗan, ka sake gwadawa. Tagulla in an yi ta kai da kawowa da ita karyewa take yi, ramin katakon kuma ya yi faɗi.

Sauya zanen gaba ɗaya yana yiwuwa, amma sai an zare kowace ƙusa, da farfeloli, da furannin nan masu buɗewa da rufewa, da ƙarfen da'irar, a mayar da kowanne raminsa. A ganinmu ɗan rawaya da tsufa ya kawo bai kai a yi wannan ba. Sai in takardar ta ɗaɗɗago tana tare ƙwallo.

Murfin gaba na injina da yawa da aka fitar waje roba ce mai kama da gilashi. Ruwan goge gilashi mai amoniya yana sa ta tsattsage, busasshen tsumma kuma yana karce ta. Ruwan sabulu da tsumma mai laushi sun isa.

Tsayuwa

Ba a yi injin don ya tsaya da ƙafarsa ba. A gidan wasa cikin bango ake kafa shi. Tsawonsa wajen santimita 81, faɗinsa 52, gindinsa siriri, ga kilo biyu na ƙarfe a ka. Turi kaɗan ya kife. A ɗaure shi da sukuru a kan katako mai faɗi, ko a yi masa akwati.

Hagu da dama a daidaita da ma'aunin ruwa irin na magina, don hanyoyin baya gangarensu kaɗan ne, karkata kaɗan takan tsayar da ƙwallaye. Gaba da baya kuwa ana so ya ɗan kwanta baya, kusan digiri 1, wato kansa ya ja baya da kamar milimita 13 a kan gindinsa. In ya rinjayo gaba ƙwallo zai riƙa dukan gilashi, in ya kwanta da yawa sai ya riƙa jan ciki a kan zanen, sikelin ma ya ƙi komawa.

Wuta

A injin mai hannun sifirin, wuta ta fitila ce kawai: ɗaya tana kamawa in an ci, ɗaya in rumbu ya ƙare. Ƙwayayen na wajen bolt 10 ne, batir mai bolt 9 yana kunna su. Wayoyi biyun da ke lilo a baya kada a kuskura a haɗa su da soket. In fitila ta ƙi kamawa, zura guntun kwali tsakanin siraran ƙarafan makunnin ka ja sau biyu-uku, yawanci datti ne.

Injinan da suka biyo baya, masu hannun murɗawa, irin su Fever na Sankyo na 1980 da waɗanda suka zo bayansa, bolt 24 suke so ta taransifoma. A karanta abin da aka rubuta a jikin taransifomar: ta Japan bolt 100 take karɓa, ta Amurka 110 zuwa 120. A ƙasashen da wutarsu 220 zuwa 240 ce, kamar Najeriya da Nijar, tana shiga soket za ta ƙone.

Inda za a ajiye shi

Rana tana cinye launin zane, ja ne ke fara tafiya, don haka a nisanta shi da taga. Danshi yana kumbura katako ya ɗaga takardar zanen, kada a jingina shi da bangon da ke jiƙa da damina, kada kuma a ajiye shi a ƙasa inda gara za ta same shi. Bayansa a buɗe yake, in ƙura ta yi yawa a lulluɓe shi da zane, rumbun ma a rufe.

Masu kafa shi a bango sukan manta cewa kullum ana bukatar bayansa. A yawancin samfura ƙwallon da bai ci ba ta baya yake faɗowa, sai an ajiye kwano a ƙasa, a riƙa kwashewa ana mayarwa rumbu. A yi wa akwatin ƙofa ta baya ko a sa masa hinji ya riƙa buɗewa kamar taga, kuma a bar tazarar da hannu da kofi za su shiga ta sama. A shimfiɗa tsumma a gindin kwanon, yana rage ƙara sosai.

In akwai ƙananan yara a gidan, a kwashe ƙwallaye daga tiren gaba bayan kowane wasa, a duba ƙasa a tsince waɗanda suka gangara. Ƙwallo mai milimita 11, mai ƙyalli, daidai bakin yaro yake. A zuba su a gwangwani mai murfi a ɗora inda hannunsa ba ya kaiwa.