Kada ka jira injin ɗumama gida ya mutu maka a watan Janairu

Duk lokacin da na zo hutu Garwa ta Kamaru daga Montreal, samarin da suka samu takardun tafiya Kanada sukan same ni a ƙofar gida bayan la'asar, kuma tambayarsu ba ta wuce aiki da kuɗin haya. Ba wanda ya taɓa tambayata yadda ake ɗumama gida. Ban ga laifinsu ba. Wanda ya tashi inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, abin da ya sani da sanyi shi ne hunturu: a hura gawayi a kasko da asuba, hantsi ya yi a tuɓe rigar sanyi. A Montreyal kuwa, daren Janairu kan kai digiri 20 ƙasa da sifili, wani lokaci har ya zarce, kuma gidan da ba ɗumi bututun ruwansa daskarewa yake yi ya fashe.

In haya za ka kama, naka mai sauƙi ne. Ka duba takardar haya ko kuɗin ɗumama gida yana ciki, gyaran inji kuma na mai gida ne. Maganata da wanda Allah ya hore wa sayen gida ce.

Tsohon gida na saya, da tankin mazut, wato man ɗumama gida mai kama da dizal, a ɗakin ƙasa da injin da ya haura shekara 20. Na ce ai yana aiki, me zai sa in taɓa shi? A sanyi na uku, daren wata Juma'a, ya yi shiru. Muka tattara yara a ɗaki ɗaya cikin barguna, uwargida tana kallona ba ta ce komai ba, wanda ya fi faɗa ciwo. Mai gyaran da ya amsa waya ya yanka kuɗin da ya ga dama, na biya ban yi ciniki ba, ni da na tashi a bakin kasuwa. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Da a watan Mayu ko Satumba na yi aikin, da na kira kamfani uku kowa ya rubuto farashinsa na zaɓa.

A ranar na san cewa tun 31 ga Disamba 2023 dokar Kebek, lardin da Montreal take ciki, ta hana a cire injin mazut a sa wani na mazut ko na gas a gidan zama. Galibi sai lantarki, kuma a can yana da araha, don Hydro-Québec, kamfanin lantarki na lardin, daga madatsun ruwa take samar da shi, kamar dai namu Lagdo amma manya ƙwarai. Abin da mutane suka fi sawa yanzu shi ne termopom. Kilim ɗin da ka sani ne, wato na'urar sanyaya ɗaki, sai dai yana aiki gaba da baya: da zafi ya fitar da zafin ɗaki waje, da sanyi ya tatso ɗan ɗumin da ke cikin iskar waje ya shigo da shi. Inji ɗaya, aiki biyu.

Nan ne ake cutar baƙo. Mai arahar yakan gaza tun sanyi bai yi nisa ba, wanda aka ƙera don ƙasar sanyi kuwa yana jurewa har wajen 25 ƙasa da sifili. Ka tambaya a rubuce: a digiri nawa yake tsayawa, kuma me zai karɓe shi ranar? Kada ka yarda a cire maka hitocin lantarki na jikin bango, su ne madogara. Kada kuma girma ya ruɗe ka. Injin da ya fi ƙarfin gida kunnawa da kashewa yake ta yi har ya gaji da wuri, don haka wanda ya faɗi farashi ta waya bai zo ya auna ɗakuna da tagogi ba, ka sallame shi. Ka nemi lambar lasisinsa ta RBQ, hukumar kula da gine-gine ta Kebek, ka duba da kanka. Hydro-Québec tana da tallafi mai suna LogisVert, amma sai injin yana cikin jerin da suka amince da shi, ka tabbatar kafin ka sa hannu. Ɓangaren injin da ke zama a waje kuma a ɗora shi kan ƙarfe ya yi sama da ƙanƙara.

Wuta takan ɗauke, kamar yadda aka yi a ruwan ƙanƙara na Janairu 1998 da wasu suka yi makonni a duhu. Ranar da hakan ta faru, don girman Allah kada ka shigo da gawayi ko janareta cikin gida. Ɗakunan can a toshe suke ruf, ba irin zaurenmu ba, kuma iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, a cikin barci take kashe mutum. Na'urar da ke ƙara in ta ji wannan iska ba ta da tsada. Tawa tana manne a bango kusa da ɗakin yara, duk shekara nake canza mata batir.