Yadda za ka zaɓi injin zarto na tebur mai sauƙin kuɗi

Kafin ka tambayi farashi, fara duba shingen da katako ke jingina da shi lokacin yanka, domin shi ne ke sa yanka ya miƙe. Kulle shi, ka tura shi da hannu, sannan ka auna tazararsa da zarto ta gaba da ta baya. Idan ya motsa ko awon ya bambanta, bar injin komai arharsa. Haka kuma kada ka sayi wanda ba shi da murfin kariya da siririn ƙarfen da ke bayan zarto, wanda ke hana katako matse faifan zarton ya yi tsalle ya bugi mai aiki.

Ga aikin gida, faifai mai inci 10 da injin wat 1,500 zuwa 1,800 sun isa. Faifai mai haƙora 24 ya dace da tsaga katako a tsaye, mai 60 kuma da yankan filawud.

Idan na hannu za ka saya, wato wanda aka taɓa amfani da shi, karanta tambarin jikinsa, domin yawancin waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka na volt 120 ne, wutarmu kuwa 230 ce. Mai amfani da janareto ya tanadi wanda ƙarfinsa ya zarce na injin sosai, saboda yana jan wuta da yawa lokacin tashi.