Zaɓen amfilifayar jita mai araha ga masu kiɗa a tawaga

'Yan'uwa makaɗa na Sakkwato, duk wanda zai sayi amfilifaya, wato na'urar ƙara sautin jita, don kiɗan biki tare da ganguna da kalangu, ya guji ƙaramar mai wat 10 ko 15, domin ta ɗaki ce, kuma da zarar an fara dukan ganga ba za a ƙara jin jitarsa ba. Ku nemi mai tiransisto wadda ta kai wat 50 zuwa 100, mai lasifika inci 12, irin su Boss Katana 50, domin ta fi mai bawul (mai aiki da ƙananan kwalaben gilashi maimakon tiransisto) araha. Kada yawan wat ya ruɗe ku, ninka shi sau biyu ƙarin desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 3 kawai yake bayarwa.

Idan ta hannu ce, ku duba rubutun da ke bayanta, saboda waɗanda aka kawo daga Amurka wutar bolt 120 suke ci, tamu kuwa 230 ce, kuma ba tare da taransifoma mai rage ƙarfin wuta ba nan take za ta ƙone. Ku murɗa kowane maɓalli a gaban mai sayarwa, ku saurari ƙarar ƙura a ciki. A zafin watan Afrilu kuma, ku ajiye ta a inuwa, kada ku jingina bayanta da bango.