An kwashe fayil amma folda na nuna tsohon lissafi: inda ake yawan kuskure

Ranar kasuwa, irin Juma'a a Wudil ko Alhamis a Maigatari, mai shagon turi ba ya samun sukunin shan ruwa. Memori goma a kan tebur, janareto na ruri, kowa na cewa "Malam, tawa fa?" A cikin wannan gaggawar ake tafka kuskuren da ya fi yawa: an yanke fayiloli daga wata folda zuwa wata, an leƙa tsohuwar an ga suna nan, sai a sake yankewa ko a hau gogewa. Alhali aiki ya riga ya kammala, tagar File Explorer, mai nuna foldoji a Windows, ce ba ta sabunta abin da take nunawa ba. Danna F5. In ba ta canza ba, fita daga foldar ka dawo. In ta ƙi, danna Ctrl+Shift+Esc, ka nemo Windows Explorer a cikin Task Manager, ka zaɓi Restart. Amma kada ka yi wannan ana tsakiyar turi, domin zai katse shi.

Akwatin Properties ma yana ruɗar mutane. Sau ɗaya yake ƙirga fayiloli da nauyinsu, lokacin da aka buɗe shi. In ka bar shi a buɗe ka kwashe rabin foldar, tsohon lissafi zai ci gaba da nuna maka. Rufe shi ka sake buɗewa. Wajen gwada folda biyu kuma, dubi yawan fayiloli da layin Size. Layin Size on disk kan bambanta tsakanin kwamfuta da filashi ko da komai ya tafi daidai, saboda kowannensu da girman gurbin da yake ajiya a ciki.

Inda abin ya fi cin rai shi ne waya ta kebul. Wayar Android ba ta buɗe wa kwamfuta ma'ajiyarta kai tsaye. Ta wata hanyar musayar fayiloli da ake kira MTP suke magana, kuma abin da wayar ke miƙawa jerin sunaye ne da ta riga ta tattara. Idan mai waya ya sauya wa karatuttukansa folda daga cikin wayar, jerin na iya makara, kwamfuta ta nuna fayil a inda ba ya nan, ko folda wayam alhali cike take. A nan F5 sau goma ba lallai ya yi komai ba. Zare kebul, kashe wayar ka kunna, ba ta minti ɗaya ko biyu ta gama tattara jerinta, cire makullin allo, sannan ka sake jonawa. In kayan a kan memori suke, hanya mafi sauƙi ita ce a cire shi a sa a na'urar karanta memori.

Yankewa da Ctrl+X a cikin ma'ajiya ɗaya sauya adireshi ne kawai, shi ya sa yake ƙarewa nan take. Daga kwamfuta zuwa filashi kuwa kwafa ce, sannan gogewa. Wuta ta ɗauke ko janareto ya shaƙe a tsakani, sai ka tarar rabi nan rabi can, wani fayil ɗin ma da suna amma ba ya buɗuwa. Maimakon yankewa, kwafa da Ctrl+C ka saka a sabon wurin, buɗe fayil biyu ko uku a sabon wurin ka tabbatar, danna Eject, sannan ka goge na asali. Ka kuma tuna filashi mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya haura 4GB, ko da akwai fili.

Wasu kan yi ƙorafin sun goge kaya daga kwamfuta amma fili bai ƙaru ba. Kayan suna Recycle Bin, sai an zubar da shi. Sunayen da ke Quick access kuwa nuni ne kawai zuwa tsohon wuri, ba fayilolin ba ne.

Sai wanda ba tsohon lissafi ba ne ko kaɗan: filashi ya nuna a cike, foldoji sun ɓace ko sun koma 'yan gajerun hanyoyi masu alamar kibiya. Wannan bairos ne ya ɓoye su. Kada ka danna masu kibiyar, kada ka yi fomat. Fara wanke filashin da antibairos, sannan ka buɗe Command Prompt ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* kana musanya E da harafin da filashinka ya ɗauka.